Holsela ya ba ni awa 48 in tura masa dala 5,000, in tura?

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Columbus jihar Ohio, direban babbar mota ne ni, kuma Alhamdulillahi na ɗan tara dala 48,000. Na daɗe ina sha'awar harkar gidajen haya amma ban taɓa saya ba. Wani ɗan uwa da muke sallah a masallaci ɗaya ya haɗa ni da wani holsela (wholesaler, irin masu nemo gidaje masu araha su miƙa wa mai saye), ya turo min hotunan gida a Cleveland akan dala 62,000, yace gyaran bazai wuce 25,000 ba, in an gyara gidan zai kai 140,000, haya kuma 1,300 duk wata. Yace in tura kafin alƙalami 5,000 cikin awa 48 kuma ba'a mayarwa, a kammala ciniki cikin kwana 10 don akwai masu jira. Yayana da ke Kano ya sayar da filinsa zai turo kamar dala 15,000 mu haɗa, kuɗin gyara kuma holselan yace zai haɗa ni da masu bada bashin gaggawa. Uwargida taƙi yarda, har abin ya fara kawo mana ɗan sanyi a gida. Ina tsoron damar ta wuce ni. Don Allah a ba ni shawara.

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka tura. Na fara da wannan ne saboda awa 48 aka baka, kar ka tsaya karanta dogon bayanina lokaci ya ƙure ka danna waya.

Ba wai ina cewa duk holsela ɓarawo bane, a'a, akwai masu sayen gidaje goma ashirin a shekara ta hannunsu kuma suna cin riba. Amma ka sake karanta wasiƙarka da kanka. 62,000 wa ya faɗa? Shi. 25,000 na gyara wa ya faɗa? Shi. 140,000, 1,300, masu jira, duka daga bakin mutum ɗaya suka fito, kuma mutumin nan ranar da ka sa hannu za'a biya shi ya kama gabansa, ko gidan ya rufta washegari babu ruwansa. Kai kuma ko ƙofar gidan baka gani ba.

Abin da da yawa daga cikinmu basu gane ba shine gidan nan ba nashi bane. Aikinsa shine ya nemo mai gida da ya shiga matsi, tsohuwar da haraji ya taru mata, ko magada da suka gaji gidan iyaye suna zaune wata jiha basu san yadda zasu yi da shi ba, ko wanda banki ke shirin ƙwace masa gida. Kaga ƙananan allunan nan da ake maƙalawa a jikin falwaya, wai muna sayen gida ko ya yake, kuɗi hannu? Da saƙonnin waya da ke shigowa ana tambaya ko zaka sayar da gidanka alhali kai ɗan haya ne? To su ne. Sai ya sa hannu da mai gidan a kwantiragi, mu ƙaddara akan 45,000, ya ajiye ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sannan ya juyo ya sayar maka da wannan takardar akan 62,000. Tsakanin nan 17,000 nashi ne. Wani lokacin ma don kar ka ga ratar sai su yi ciniki biyu a rana ɗaya, ya saya da safe ya sayar maka da rana. Dillalin gida da ka sani, la'adarsa sananniya ce, mai saye da mai sayarwa sukan zauna tare aji sallama da kunne, kuma gobe in matsala ta taso ka san rumfar da zaka same shi. Wannan kuwa ba wakilinka bane, ba wakilin mai gida bane, kanshi kawai yake wa aiki, kuma a wurare da yawa ko lasisi ba ya da shi.

Yanzu mu zo lissafi, don nan ne ake yanka sabon shiga. Masu gyara gida su sayar suna da wani ma'auni da suke amfani da shi: ka ɗauki kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da gidan zai yi bayan gyara, ka cire kuɗin gyaran, abin da ya rage shine iyakar abin da zaka biya. Da lambobinsa, kashi 70 na 140,000 shine 98,000, a cire 25,000 saura 73,000, kaga 62,000 ta zama garaɓasa, dole ranka ya biya. Shi ma ya san wannan ma'aunin, shi yasa lambobin suka zauna daidai haka. To mu ɗan taɓa su. Ace gidajen da aka sayar da gaske a wannan layin 110,000 suke yi, kuma ɗan kwangilarka ya shiga ya duba yace gyara 45,000 ne. Kashi 70 na 110,000 shine 77,000, a cire 45,000, saura 32,000. Gidan da ake ce maka araha ne a 62,000 ashe kusan ninki biyu zaka biya. Ka kashe 107,000 tun kafin a zo maganar kuɗin takardu da inshora da harajin watannin da gidan zai zauna ba kowa, akan abin da darajarsa 110,000 ce. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Kuma ba sai ya yi maka ƙarya ƙiri-ƙiri ba, ya isa ya ɗauko farashin wani gida mai kyau da ke tsallaken babban titi yace ga misali.

A Cleveland kuwa tsallaken titi ba ƙaramin abu bane. Garin nan a 1950 mutanensa sun haura 900,000, a ƙidayar 2020 basu kai 400,000 ba. Masana'antun ƙarfe sun ja baya, mutane sun watse, gidajen suka rage. Sannan rikicin bashin gidaje na 2008 ya zo ya ƙarasa wasu unguwanni, irin su Slavic Village da sunanta ya zaga duniya a lokacin saboda yawan gidajen da bankuna suka ƙwace, har saida gundumar Cuyahoga da Cleveland ke ciki ta kafa hukuma ta musamman a 2009 don karɓar kangaye tana rushe wasu tana gyara wasu. Shi yasa kake ganin gida sukutum da kuɗin da a Columbus ko rabin gida bazai saya maka ba. Akwai layukan da suka farfaɗo sosai, akwai kuma layin da gida uku ne da mutane sauran duk an buga musu katako a taga, kuma tazarar tsakaninsu wani lokacin tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Hoto baya nuna maƙwabta.

Hoto kuma baya sauka ƙasa. Yawancin gidajen nan sun doshi shekara ɗari, kuma asirinsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yake. Ka sauka da tocila, tun a matakala hancinka zai gaya maka ko ruwa na shiga. Ka haska bango, in kaga farin gishiri-gishiri ya yi layi a jikin bulo to nan ruwa ke tsayawa, in kaga tsaga ta tafi a kwance kuma bangon ya ɗan turo ciki kamar mai ciki wata huɗu, wannan ƙasa ce ke turo shi kuma gyaransa kaɗai zai iya lashe rabin 25,000 ɗin nan. Ka ɗaga kai ka duba bututun ruwa, gidan da ya daɗe ba kowa sau da yawa ɓarayi sun yanke jan ƙarfen sun kai wa masu awo, sai kaga guntaye kawai suna reto. In ma suna nan, gidan da aka bari ba wuta lokacin sanyin Ohio ruwa ya daskare a ciki ya fasa su, baza ka sani ba sai ranar da aka buɗe ruwa silin ya fara zuba. Ga hita, ga tsohon wayarin ɗin nan mai tafiya akan ƙananan farare na tangaran wanda kamfanonin inshora da yawa basa son jin labarinsa, ga bututun masai da ke tafiya ƙarƙashin ƙasa zuwa titi wanda saiwar bishiya ke fasawa, shi wannan sai an zura kyamara ake gani. Duk wannan dubawar da insifekta ƴan ɗaruruwan daloli ce. Daga Columbus zuwa Cleveland kuma awa biyu da ɗan abu ne akan babban titin I-71, kai da kake kwana kana tuƙi me zai hana ka zuwa? In yace ba'a shiga, ko yace minti goma sha biyar kawai za'a buɗe wa kowa da kowa a rana ɗaya, ai ya baka amsa.

Sai hukuma. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidajen zama, don haka tsohon gida irin wannan ka ɗauka kawai akwai shi a tagogi da ƙofofi. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010 bai kamata a tsaya yi mana dogon wa'azi akanta ba. Cleveland ta yi doka a 2019 cewa gidan hayar da aka gina kafin 1978 sai ya samu takardar shaidar cewa dalmar bata barazana ga mazauna, a 2024 kuma suka ƙara da cewa mai gidan hayar da ba'a yankin yake zaune ba dole ya naɗa wakili na kusa da zai ɗau alhakin gidan, kuma kai ɗan Columbus kana ciki. Suna da kotu ta musamman ta harkar gidaje. In gidan nan yana da tsofaffin takardun saɓa doka, ko an riga an sa shi a jerin waɗanda za'a rushe, ranar da sunanka ya hau kai zasu nema, kuma in birni ya rushe gida mai shi ake kawo wa bil. Wasu garuruwan da ke kewaye irin su Cleveland Heights ma sai jami'insu ya duba gida kafin a sayar. Holselan ya faɗa maka ko ɗaya daga cikin waɗannan?

Maganar takardu ma haka. A ƙasar nan bashi yana manne wa gida ne, ba wa mutum kaɗai ba. Harajin da ba'a biya ba, bashin ruwan famfo da na magudana, ɗan kwangilar da ya yi aiki aka hana shi kuɗinsa, ko wani magaji da bai sa hannu ba ya ɓullo bayan shekara biyu. Shi yasa kuɗi basa shiga hannun holsela, ko sisi. Kamfanin da ke tantance mallaka ake ba ajiya, su bincika tarihin gidan, su baka inshorar mallaka da sunanka, ba ta mai bada bashi kaɗai ba. Akwai takardar mallaka iri biyu da zaka ji, ɗaya mai gida na lamunce maka cewa gidan nashi ne tsaf, ɗayar kuwa cewa kawai take duk haƙƙin da nake da shi na sallama maka, in ma bashi da komai shikenan ka sayi iska. Kar ka karɓi ta biyun. Ka shiga shafin gundumar ka sa adireshin, kyauta ne, zaka ga sunan mai gida da harajin da ake binsa da nawa aka saye shi a baya. Sannan ka ce ya nuna maka ainihin kwantiragin da ya yi da mai gidan, ka ga sunan ya yi daidai kuma an yarda a miƙa wa wani. Don akwai waɗanda ko takardar ma ba tasu bace, wani holselan ne ya riƙe, su sun kwafo hotuna sun ɗora nasu dubu biyar a kai sun watsa a WhatsApp da Facebook. Ranar tura kuɗi kuma, ko da wane gida ne nan gaba, ka kira kamfanin da lambar da ka samo da kanka ka tabbatar da lambar asusu, ƴan damfara na turo imel na bogi a daidai wannan gaɓar.

Amma wlh abin da yafi tsaya min a wasiƙarka ba gidan bane, aljihunka ne. 48,000 da 15,000 sun zama 63,000. Gidan 62,000. Kenan ranar da aka baka makulli baka da kuɗin ko ƙusa, kuma motarka in ta lalace ko aiki ya tsaya wata guda fa? Masu bashin gaggawan nan da zai haɗa ka da su yawanci ruwansu daga kashi 10 cikin ɗari ne zuwa sama, ga wani kaso da suke yanka tun a farko, wa'adin wata 6 zuwa shekara, gidan ne jingina, kuma galibi sai ka fara yin aikin da kuɗinka sannan su zo su duba su mayar maka. In gyara ya ja lokaci, kuma gyara kullum sai ya ja, su zasu ɗauke gidan da kuɗinka da na Yayanka a ciki. Wannan ta fuskar kasuwa kenan, ta fuskar addini kuwa ai riba ce tsagwaronta, ba sai na faɗa maka ba. Akwai masu tsarin Musulunci a Amurka irin su Guidance Residential da UIF da Devon Bank na Chicago, amma su sai sun turo mai kimanta gida, suna son gidan da za'a iya zama a ciki, kuma aikinsu yakan ɗauki wata ko fiye. Cinikin kwana 10 akan kango ba nasu bane. Kaga tsarin holsela gaba ɗaya an gina shi ne don mai tsabar kuɗi a ajiye da ma'aikatansa na gyara, wanda in gida ɗaya cikin biyar ya ci shi bazai ji ba. Kai gida ɗaya ne duka dukiyarka.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba'a cika tunawa ba, wato wanda aka sayo gidan daga hannunsa. Annabi (SAW) ya ce wa Hakim bin Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa, kuma ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su iso kasuwa su san farashi. Ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki ainihin takardar ya duba maka hukuncin sayen irin wannan haƙƙi, amma ko ba fatawa zuciya ta san akwai abin dubawa in tsohuwa ta saki gidanta a rabin kuɗi don bata san darajarsa ba. Su kansu Amurkawan abin ya dame su. Illinois a 2019 ta ce wanda zai yi irin wannan ciniki fiye da sau ɗaya a shekara sai da lasisi, Philadelphia ta yi nata dokar a 2020, Oklahoma a 2021, kuma a 2023 ƴan jaridar ProPublica sun fitar da bincike akan yadda wasu masu sayen gida kuɗi hannu ke bin tsofaffi da marasa lafiya.

Kuɗin Yayanka kuwa ka dakatar da shi yau ɗin nan kafin ya canza su. Mutum ya sayar da fili a Kano, abin da yake iya zuwa ya taka da ƙafarsa, zai zuba a gidan da ko kai baka gani ba, saboda ya yarda ƙaninsa na Amurka ya san abin da yake yi. In abin ya ɓaci ba dala 15,000 zaka rasa ba, har jikokinku sai sun ji labarin filin nan. In ma wata rana zaku haɗa jari, a rubuta, kason kowa nawa, asara ta wa, da shaidu.

Uwargida kuma gaskiyarta. Ita ma da guminta a cikin 48,000 ɗin nan, ko bata fita aiki ai ita ke riƙe gida kana kan hanya sati guda. Ka sayo mata ɗan abin da take so ka zauna ka nuna mata lissafin nan na 32,000, kace kin ga abin da kika hango. Ba faɗuwa bace.

To me zaka yi da kuɗin? Ni dai da zaka ji tawa, gidan farko ka saye shi a kasuwar fili, wanda aka sa a jerin gidajen sayarwa kowa na gani, da ejan mai lasisi da ke tsaya maka, da sharaɗin cewa in insifekta ya gano matsala zaka janye a mayar maka da kafin alƙalaminka. Zai fi tsada, eh, amma araha bata ado. Kuma ka nema kusa da kai, inda zaka iya biyawa bayan sallar isha'i ka ga ko fitilar waje na kunne. In ka samu mai ɓangare biyu ku zauna a ɗaya ku sa ɗan haya a ɗaya, wannan ne makarantar da tafi kowacce, nan zaka san nawa mai gyaran famfo ke karɓa, ka san 1,300 da ake faɗa ba 1,300 bace in an cire haraji da inshora da gyare-gyare da watan da ɗaki ya zauna ba kowa da kashi 8 zuwa 10 na mai kula da gida in ka ɗauka. Ka bar aƙalla kuɗin wata shida a gefe da bazaka taɓa ba. Ka riƙa karɓar saƙonnin holsela ɗin kana gwada lissafinsu da farashin da aka sayar da gidajen layin a wata shidan da suka wuce, kyauta kake koyo, bayan shekara zaka riƙa gane na ƙarya tun daga hoton farko.

In kuma zuciyarka taƙi sakin wannan gidan, to rubuta masa haka: ina so in zo da insifekta da ɗan kwangilata wannan satin, ina so in ga kwantiraginka da mai gida, kafin alƙalami zan ajiye a kamfanin tantance mallaka kuma za'a mayar min in takardu basu fita tsaf ba ko dubawa ta nuna abin da ba'a faɗa min ba. Na kirki zai yarda da mafi yawansu ko ya faɗa maka gaskiya cewa cinikin ba na sabon shiga bane. Ɗayan kuma zai ce wani ya riga ka, sannan bayan kwana huɗu ya dawo yace wancan ya fasa, an rage maka dubu uku.

Shi kuma ɗan uwan na masallaci kar ka ɓata da shi, wataƙila da zuciya ɗaya ya yi. Amma ka tambaye shi cikin raha ko akwai abin da za'a bashi in ka saya, sannan ka tambaye shi shi gida nawa ya taɓa saya a hannun mutumin, ya kai ka ka gani.